Kumatun Maigidana

Shekarar da aka samu mulkin kai maigidana ya yi kumatu. Mutumin da fuka ta tsotse, har nakan tsokane shi cewa in iska ta taso sai na ɗaure shi a jikin rumbu, sai ga fuska ta cika, wuyan riga ya matse. Duk Kebbe aka yi ta yi mini barka, ni kuwa ina washe baki kamar girkina ne.

Ba girkina ba ne. Wasu 'yan fararen ƙwayoyi ne da wansa, wanda nake kira Yaya, yake kawowa daga Tambuwal. Yaya ya taɓa yi wa wani likita aiki a birni, ya dawo da akwatin magani yana bin kasuwanni. Shi ya kai maigida wurin likitan, shi ya ji bayani da Turanci, shi ya ce mini in riƙa ba shi kullum da kunun safe. Ranar kasuwa sai ya zaunar da shi gefen akwatin yana cewa, "Ku dubi ƙanena! Wanga da kunka sani awa kara, ku gane shi yanzu."

Bayan damina ciwon kai ya fara, da zazzaɓi. Daga nan maigida ya soma kiran 'yarmu da sunan ƙanwarsa, hannun hagu ya saki. Na ce, "Yaya, mu kai shi asibiti."

Ya ce, "Mi za a yi asibiti? Iska ce. Ki yi mai hayaƙi, kuma kak ki hwasa ba shi ƙwayar."

Na yarda, don wa nake da shi da ya fi shi sani? Sai da maigida ya fara faɗuwa kamar mai farfaɗiya muka sa shi a mota zuwa Sakkwato.

Likitan nan dai muka tarar, ya kuwa gane Yaya. Ta bakin tafinta ya ce ƙwayar tana rage ƙarfin da jiki yake kare kansa da shi, shi ya sa wata cuta da ba kasafai take kama mutum ba ta shiga ƙwaƙwalwa ta tara mugunya. Ya ce ai ya gaya wa Yaya a sha na ɗan lokaci a janye, in kuwa an ga zazzaɓi a kawo shi a ranar.

Maigida bai dawo Kebbe ba. Wajen zaman makoki ina jin maza ta bayan zana suna sa wa Yaya albarka, wai ya riƙe ƙanensa, ga shi mamacin ya tafi da jikinsa mulmul. Ina takaba, ba ni da bakin magana.

Har yau ban yafe ba. Yaya ya sani, ya yi shiru don kada kasuwarsa ta mutu, kuma da hannuna ya riƙa ba shi ƙwayar.