Yaron da Ke Cikin Kaset ɗin Sitti

Gidanmu na unguwar Kurayyat a Jidda ba shi da tsakar gida, sai saman bene. Can Sitti, kakata ta wajen uba, take hawa da kaskon gawayinta bayan sallar magariba. Ta ɗora butar shayi, ta miƙe ƙafa a tabarmar roba, tana fifita wutar da yankin kwali. Wata rana iskar teku ta zo mana da ƙarnin kifi da warin man jirgi, wata rana ta ƙi zuwa, mu zauna zufa na bin gadon bayanmu. Yawanci daga ni sai ita. Ummi, mahaifiyata, tana aikatau a wani gida a Aziziyya, sai ranar Alhamis take kwana da mu. Mahaifina kuwa ya rasu ina goye. Abin da na sani kawai, ma'aikacin jirgin ruwa ne, kuma ba mu da hotonsa sai na jikin iƙama, katin izinin zama, wanda hatimi ya cinye rabin fuskar.

Yaran layinmu kakanninsu na yi musu tatsuniyar kura da zomo. Tawa tatsuniyar da rakoda ake yin ta. Sitti tana da wata jar rakoda mai karyayyen hannu, da gwangwanin biskit cike da kaset. Sai ta jera batura a gefen kasko su ɗan sha ɗumi, ta ce haka suke farfaɗowa. Ta zaɓi kaset ɗaya ba tare da ta duba ba, don ba ta karanta rubutun jikinsu. Sannan ta ce, "Ga ta nan tafe a jirgin ruwa." Ni kuma na amsa, "Ta sauka lafiya mu ji ta." Ta danna.

Abin da ke fara fitowa ba kiɗa ba ne. Mutane ne, mutane birjik, suna gunji kamar teku, ana fito, ana tafi, wani na kiran wani. Can sai jita mai lantarki ta tsage da kuka kamar ana yanka ƙarfe, ganguna su biyo baya, wani mutum ya kama ihu da harshen da ni da Sitti ba mu ji ko kalma ɗaya. Daga baya na ji sunan kiɗan rok. Abin da ya ɗaure min kai tun a lokacin shi ne, Sitti ba ta yarda a bar rediyo a kan waƙa a ɗakinta. Amma ga ta da carbi a hannu, ta karkata kunne ga wannan hargowa, fuskarta a kwance kamar mai sauraron wa'azi.

Labarin ɗaya ne kullum, sai dai ta ƙara masa gishiri ko ta rage. Wai an yi wani yaro mai kwaɗayin kunne, duk sautin da ya ji sai ya so ya mallake shi. Ya shiga cikin wani ƙaton kifin ƙarfe, kifin ya amayar da shi a garin da rana ba ta da zafi. Mutanen garin masu gashi har kafaɗa ne, kuma sun kama tsawa sun tsare a cikin baƙaƙen akwatuna. In dare ya yi sai su taru a wani makeken ɗaki su sake ta, su yi ta tsalle. A bakin ƙofa akwai ƙarti masu laluben kowa, don sarkin kiɗan ya hana a fita da ko ƙwayar sauti. Sai yaron ya ɗinke wani ɗan kunne a cikin hularsa, ya wuce su sumul, ya ɗebo tsawar ya kawo wa uwarsa.

"Uwar ta ce, kai yaro, me zan yi da wannan, a miya zan sa? Ya ce a dai ajiye min, in na dawo na karɓa."

"Ya dawo, Sitti?"

"Sha shayinki kafin ya huce, uwar tambaya."

A tsakiyar kaset ɗin sai ta ɗaga yatsa. "Kin ji yaron can." Na kasa kunne, na ji wani ya yi fito mai tsawo. Wani daren ta ɗaga yatsa a kan wata dariya. Wani daren kuma a kan wani mai dasasshiyar murya da ke bin waƙar. Na ce, "Sitti, ai rannan mai fito kika ce." Ta ce, "Ke da kunnenki kamar murfin buta, me kika sani? Rannan daban, yau daban." In sautin ya fara jan ƙafa, mawaƙin ya koma kamar mai maye, sai ta kashe ta ce, "Ƙurunƙus, batir ya yi barci, saura ke."

Na daɗe ban san ko yaron mutum ne ko na tatsuniya ba. Ummi ce ta warware min, wata Alhamis tana yi min kitso. Ta ce, "Ubanki ne mana, wa kike zato? Ɗanta na fari ne, ba za ta kama sunansa ba har ta koma ga Allah." Ni haifaffiyar Jidda ce, ban san wannan kunyar ta mutanen gida ba. A nan da sunan ɗan fari ake girmama mace. Sai a ranar na gane dalilin da maƙwabciyarmu 'yar Yaman take tsayawa a ƙofa tana kiran "ya Ummu Haruna" har ta gaji, Sitti na ciki ta yi kamar ba da ita ake ba. Ba ta iya cewa ɗana ya yi kaza, ba ta iya yabonsa, ba ta iya kukansa a gaban mutane. Sai ta sa shi a tatsuniya, inda babu mai ce mata ta yi rashin kunya.

Daga nan sauraro na ya canja. Cikin muryoyin da take nunawa na zaɓi mai dariyar, don dariya ce mai daɗi, ta ƙasa-ƙasa, kamar ta mutumin da ba ya dukan yara. Na gina ubana a kanta. In aka tsokane ni a layi, ita nake ji a kaina.

Sitti ta rasu shekarar da na yi aure, gwangwanin ya dawo hannuna. Yanzu ina da 'ya, Nawal, bakinta ya buɗe, komai sai ta tambaya. Ni kuwa Allah ya yi ni da tsoro. In ta yi tari na kasa barci, in babanta Abdulhadi ya makara da tirela na yi ta leƙen taga. Wata rana rakodar ta tauna kaset guda, na zaro zaren a cukurkuɗe. Abdulhadi ya ce akwai masu juye su a kwamfuta. Na ce to, amma ina so in tabbatar da wurin da muryar babana take tukuna, don Nawal ta fara tambaya a kan kakanta, tana cewa, "Mama, wanne ne Jaddi?" Ba na so in ba ta abin da ban tabbata ba.

Sai muka je wurin Ammu Salisu, abokin aikin mahaifina a jirgi, wanda ya tsufa a wani ɗaki kusa da tashar ruwa. Na sa masa kaset ɗin. Ya lumshe ido yana kaɗa yatsun ƙafa, har dariyar ta zo. Na ce, "Ammu, shi ne ko?"

Ya buɗe ido. "Wa?"

"Babana."

"Ya binti, Haruna ba ya cikin kaset ɗinsa. Ko ɗaya."

Na ɗauka tsufa ne. Ya gyara zama ya yi min bayani. Ya ce su 'yan ɗaukar sauti suna da yawa a jiragen, Girkawa da 'yan Filifin da sauransu, in jirgi ya tsaya a wata tasha sai su nemi inda ake wasan kiɗa, daga baya su yi musayar abin da suka ɗauko. Ba sa son kaset na kanti, wai an wanke shi, babu ɗan Adam a ciki. Amma akwai ƙa'ida: mai ɗauka ba ya motsi. Rakoda a ɗaure a ƙirji ƙarƙashin riga, makirfo a hula, ka nemi tsakiyar taro ka ƙame. Ba tafi, ba fito, ba juya kai.

"In aka ji tarinka a ciki, halas, shi ke nan, babu mai sake musaya da kai. Ubanki kanumfari yake sawa a baki don kar maƙogwaro ya yi masa ƙaiƙayi. Kowa na hauka, shi yana tsaye kamar an dasa shi. Mu yi ta zungurinsa, ko harararmu ba ya yi sai an tashi."

"To mai dariyar fa?"

"Allah kaɗai ya san ɗan wace ƙasa ne."

Na ce ashe Sitti ba ta sani ba. Ya ce, "Hajiya? Ta sani sarai. A gabana yake mata alfahari cewa ko numfashinsa ba za ta ji ba, tana ce masa wannan wace irin sana'a ce ta kurame."

Na dawo gida kaina a juye. Na yi fushi da matacciya, abin da ban san ana yi ba. Na yi shekaru ina kwana da dariyar wani baƙo da bai san da ni ba, wataƙila ma yana can da ransa yana yi wa jikokinsa ita.

Bayan wasu makonni aka yi bikin wata ƙawata, ta roƙe ni in ɗaukar mata kiɗan mata da wayata. Na tsaya na ɗaga hannu. Kafaɗata ta ƙage, Nawal na jan abayata, tsawa ta zo min har leɓe na haɗiye don kar ta shiga. Da na saurara a gida, kowa na ciki: mai taunar cingam a gefena, mai guɗa, Nawal na cewa Mama, Mama. Ban da ni. Sai dai duk abin da aka ji, daga inda nake tsaye aka ji shi. Na zauna a bakin gado na daɗe ina tunanin tsohuwar nan da ke karkata kunne ga kiɗan da ba ta so.

Har yau ban gama gane Sitti ba. Ban sani ba ko ruɗina ta yi, ko kuwa ta duba marainiya ƙarama ta ga ba za ta iya miƙa mata shiru ta ce ga ubanki ba. Jiya da yamma Nawal ta sake tambaya. Na kwantar da ita, na ɗora mata rakodar a ƙirji, na danna. Ta zaro ido ta ce, "Mama, yana dukana a ciki." Na ce haka ya yi wa Jaddi, a nan yake tsaye, shi ne wanda ba ya magana. Ta saurara kaɗan, bakinta ya fara karkacewa irin na mai shirin kuka, ta ce ita ba ta ji kowa ba. A daidai lokacin wani mutum ya yi fito mai tsawo a cikin taron, na ji yatsana ya motsa zai ɗaga. Na danne shi da ɗaya hannun. Jiya dai na iya. Ban san ko zan iya har ta girma ba.