Baba Gwadabe, Wanda Ya Sauko da 'Ya'yanmu Daga Kan Rumbu

Kullum ana idar da sallar la'asar za ka ga Baba Gwadabe ya nufi ɗakin kallo na Ajingi da mabuɗi rataye a wuya. Sai ya share fili tukuna, ya duba man janareta, sannan ya kama doguwar sandar eriya ya juya ta wajen Kano, yana tambayar na ciki, "Ta washe ko da saura?" Shekara uku ke nan da hukuma ta kawo mana talabijin, bai taɓa fashi ba sai ranar da aka yi masa rasuwa a Gaya.

Da yawa sun ɗauka mai gadi ne kawai. Tsohon sojan sama ne. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, shi da kansa yake faɗa. Aikinsa a lokacin yaƙin basasa naɗe laima ne, irin wadda matuƙin jirgin yaƙi yake goyawa, in jirgi ya kama da wuta ya diro da ita.

Ni ba na zuwa kallo, ina gida da goyo. Abin da zan faɗa, wani a gidanmu ya faru, wani kuma maigidana da Iya Hansai mai ƙosai suka gani da idonsu.

Bayan girbin bara aka shiga nuna wani shiri duk Asabar, na jiragen yaƙi da tsofaffin Turawan da suka tuƙa su. Da Turanci ake yinsa, ba mai ji sai malaman firamare da shi Baba Gwadabe. Abin da yara suka gani kawai: jirgi na hayaƙi, mutum ya faɗo, farin ƙyalle ya buɗe a kansa, ya sauka ƙalau, sai a nuno shi ya tsufa yana dariya da lambobi a ƙirji. Shi ke nan fa, yaran gari suka ce ai zane ma ƙyalle ne.

Barau ɗan maƙwabtanmu ne ya fara. Ya ɗaura igiyar rama a zanen uwarsa, ya hau rumbu ya diro. Mai ɗori aka ɗauko masa daga Gafasa. Kwana biyu da haka na je ɗebo dawa, na tarar da zanena a bayan rumbunmu, an ƙulla masa igiya a kusurwa huɗu. Aikin ɗan farina ne, wanda ba zan kama sunansa a takarda ba. Shekararsa bakwai. Na dake shi, ya yi kukansa, amma na ga idonsa bai haƙura ba. Cewa ya yi, "Ai shi Barau igiyarsa ce gajeriya."

Na fita na faɗa wa maƙwabta. Muka haɗa kai mu matan unguwa, muka aiki Iya Hansai ta je ta ce a rufe akwatin nan.

"Soja," ta ce masa, "ka ajiye mana aljani yana koya wa jikokina tashi sama. Ko ka rufe shi, ko in watsa masa man ƙosai."

"Ashe kina da man watsawa, Iya, amma ƙosanki kullum a bushe?" in ji shi. Sai kuma ya daina dariya. "In na rufe yau, abin da suka gani na ƙarshe shi ne mutum ya sauka lafiya. Da shi za su zauna a ransu. Ki ba ni zuwa Asabar, ki aiko mini da zanen da aka ƙulla."

Ranar Asabar bai ta da janareta ba. Ya tasa yaran gaba har rumbun mai unguwa, ya kawo tulunsa na shan ruwa cike taf. Ya kira yarona ya ce, "Kai mai dogon lissafi, zo ka ɗaura wa tulun nan laimarka, ka saki igiya iya son ranka." Ya ɗaura. Dattijon nan ya hau tsani da ciwon gwiwarsa, ya buɗe zanen da kyau don kada a ce ya yi coge, ya saki. Tulu ya tarwatse, ruwa ya fallatsa wa na gaba.

"To, wannan kan wani ne," ya ce.

Ya sauko ya zana da'ira a ƙasa da kara, taku goma faɗinta, ya ce su shiga. Duk suka shige, har da sauran fili. Ya ce girman laimar gaske ke nan, ita ma ba ta buɗewa sai an faɗo daga inda shaho ba ya kaiwa.

Sannan aka koma ɗakin kallo, ya ta da janareta, ya kunna talabijin, ya rage murya, ya tsaya a gefe yana fassarawa. Da aka nuno tsofaffin nan suna dariya sai ya ce, "Waɗanda suka dawo kuke gani. Akwai matuƙin da na naɗe wa laima da hannuna, ta buɗe lafiya, amma bayansa ya karye, har yau juya shi ake yi. Irinsu ba a nuna su."

Haruna tela ya ce daga baya, "Haba Baba, ka zauna mana, kana ɓata mana kallo!"

"Gara kallo ya ɓaci da ƙafa ta ɓaci. Gobe ma zan tsaya."

Kuma ya tsaya. Duk Asabar a tsaye yake har shirin ya ƙare, masu gunaguni suna yi, bai fasa ba. Yarona kuwa, a daren da tulun ya fashe, ya shigo ya zauna a bakin murhu, ya kwance igiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ninke zanen ya miƙo mini. Ba wanda ya sake hawa rumbu sai da aike.

Baba Gwadabe, kai ne ka gane abin da duka bai cire ba, gani da ido zai cire. Kai ne ba ka raina tsoron iyaye mata ba, ba ka kuma hana yara sanin duniya ba. Sannu, katangar unguwa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mahaifanka.

Ku kuma masu riƙe da ɗakunan kallo, daga Gaya har sauran garuruwa, don Allah kada ku kunna ku koma ku zauna. Akwatin nan bai san ɗan wa yake kallonsa ba, ku kuwa kun sani. Ku tsaya a gefensa ku yi magana.

Maigidana ya ce shirin da zai biyo baya na jiragen da suke nutso ƙarƙashin ruwa ne. Baba, damina ta kama, kududdufin bayan gari ya cika. Allah ya ƙara wa gwiwarka lafiya, ka ci gaba da tsayuwa.

Lauratu Abdulsalam, Ajingi