Tsagaggen Tulun Kawu Bawa

Shekara bakwai ke nan da munka kai Kawu Bawa makwancinshi, kuma sai bana na iya bin layin da ya zauna ban sunkuyar da kai ba. Ko banan ma ba sosai ba.

Kawu ƙanen innata ne. Masunci ne a Argungu, har ciwon ƙafa ya raba shi da ruwa, ya dawo Birnin Kebbi yana gadin wani shago a Badariya. Wurinshi anka kai ni da na gudu daga makaranta, wai ko zan natsu. Ban natsu ba.

Layin nan a lokacin ko inuwar da akuya za ta laɓe babu. Kawu ya dasa dogon yaro biyar. Duk sa'ad da ya je Argungu sai ya roƙi mata masu ginin tukwane su ba shi tulun da ya tsage wurin gashi. Ya binne shi gindin icce, baki kawai a waje, ya cika da ruwa, ya rufe da kasko. Ruwan ya yi ta tsattsafowa a hankali, icce na sha. Mutanen layi sunka ce asiri yake binnewa. Shi ko dariya yake yi, ya ce dashe aikin wuni ɗaya ne, ko mahaukaci ya iya, reno shi ne aikin.

Da ciwo ya kwantar da shi ya kira ni. Ya ce, "Sani, ban bar maka gona ba, ban bar maka gida ba. Tulu biyar ne. Kar su wuni babu ruwa." Na ce na ɗauka.

Alkawari kaya ne, ni ko ban saba da kaya ba. Ba a yi sadakar arba'in ba na tafi yankan shinkafa Zauro, daga can Legas, daga can inda ƙafa ta kai. Da na dawo uku sun bushe. Na huɗu, ni na sare shi da hannuna don in kafa rumfar cajin waya, rumfar da ko wata huɗu ba ta yi ba. Ban taɓa faɗa wa kowa a gidanmu ba, a nan za su karanta. Tun daga nan na koma kabu-kabu, kuma ko fasinja ya ce layin, sai in ce mai ya ƙare.

Watan jiya anka nemi matasa ranar dashen itace. Anka ba mu riga mai zobe na launi goma sha bakwai a ƙirji. Wani mai lasifika ya yi bayani cewa ƙasashen duniya sun shirya muradu goma sha bakwai, kowane da launinshi, kuma kowane gari sai ya ɗauki rabonshi: inuwa, tsabtar lambatu, ruwan sha. Gaskiya ya faɗa, ban ga laifinshi ba. Kalma ɗaya yake ta maimaitawa, ɗorewa, ɗorewa. Munka dasa, anka ɗauki hoto. Ni ne a gaba, ina riƙe da icce ina washe baki.

Bayan sati biyu wanda na dasa ya langwaɓe, awaki sun ƙarasa shi. Kullum ina wuce shi a kan mashin. Ko ledar ruwa ɗaya ban tsiyaya mashi ba.

Nakan ce, da Kawu na nan me zai ce? Launukan nan ba zai san kansu ba. Amma zai ji daɗi duniya ta zo inda yake, ya daina zama mai asiri. Zai saurara har a gama, sa'an nan ya ɗaga hannu ya tambayi wa zai ba su ruwa ran da babu biki.

Wata tsohuwar fasinja ce ta kai ni layin dole, da kayanta niƙi-niƙi, na kasa yi mata ƙarya. Icce na biyar na nan, ya fi shagon tsawo. Ƙarƙashinshi Maman Rifkatu ce da keken ɗinkinta, mutuniyar Filato da ta daɗe a unguwar. Ta dubi rigata, ta ce ta yi mani kyau, ashe na zama babban ma'aikacin icce. Na rasa inda zan sa idona. Sai na ga bakin tulun, kaskon na rufe, ƙasar wurin da danshi. Na ce, "Mama, ai ya girma, ba ya bukata."

Ta ce, "Na sani. Kawunka ne ya ce in riƙa zubawa kafin ka dawo. Bai dai faɗa mani shekara nawa ba."

Ashe ya san zan gudu. Ashe kuma bai cire rai zan dawo ba. Wannan ta biyun ita ta fi ci mani rai.

Na je Argungu neman tsagaggen tulu huɗu. Mai ginin tukwanen ta dube ni ta ce ko ni jinin Bawa ne, don tun bayanshi ba wanda ya tambayi fasasshen kaya. Na ɗauro su a mashin, na binne inda na da suke, na sa sabon dashe.

Abin da ya rage na Kawu ke nan: inuwa ɗaya da ba ni na rena ba, da tambayarshi. Allah Ya jiƙanshi, Ya ba shi inuwar da ta fi wagga. Yau kwana tara ban tsallake ba su ruwa ba. Amma na san halina, shi ya sa na kawo maganar jarida. Duk wanda ya gan ni a tasha da jaka, ya tare ni ya tambaye ni wa zai ba su ruwa.