Banɗaki Biyu, Babu Nata

A masana'antar ɗinkin kayan makaranta kowa Anti Mai Keke yake ce mata. Shan inna ya kama ƙafafunta tun tana shekara huɗu, a keken guragu ta girma. Shekararta shida tana sa maɓalli a teburin bakin taga, ba a taɓa dawo mata da riga ba.

Abin da ba wanda ya lura da shi, ba ta shan ruwa a wurin aiki. Banɗakin mata yana saman bene, matakala goma sha takwas. Mai faɗin ƙofa da aka yi wa masu keke kuwa yana can ƙuryar na maza, sai an ratsa su. Haka take daurewa daga safe har la'asar, har ciwon mara ya kwantar da ita mako biyu.

Da ta warke ta sami manaja.

"Ai mun yi wa mata, mun yi wa guragu," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ni duka biyun ce. Wanne zan shiga?"

Ya yi dariya, ya ce zai duba.

Shugabar mata ma'aikata ta ce, "Ayya ƙanwata, wannan maganar naƙasassu ce." Shugaban naƙasassu, wani dattijo mai sanda, ya sunkuyar da kai ya ce, "Harkar mata ce, 'yata, ba na shiga."

Ta koma gida tana huci. Mijinta, mai gyaran rediyo, ya ce ta bar aikin kawai.

"In na bari, wadda za ta zo bayana fa?"

Ranar Litinin ta aika wa shugabannin biyu, kowa ba tare da sanin ɗan'uwansa ba, su same ta a gindin matakala. Da suka zo ta ja birki, ta tare hanya.

"Yaya, ɗauke ni ki hau da ni. Ko kai Baba, raka ni cikin maza."

Teloli suka bar kekunan ɗinkinsu suka taru, shugabar ta rasa inda za ta sa idonta. A ranar su ukun suka shiga ofishin manaja tare, kuma Anti ce ta yi magana.

Sai da aka yi wata uku tana leƙa ofishin duk safiya kafin a kwashe ɗakin ajiyar ƙyalle na ƙasa a mai da shi banɗaki. Da kafinta ya kafa ƙofa, ta ciro tef ɗin awo daga wuyanta ta gwada, ta ga ƙofar ta gaza faɗin kekenta da yatsa uku.

"Malam, cire ta. Sake."

Ya cire, yana gunaguni.