Kawu, Sun Raba Tagwayen

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Kawuna, yayan mahaifiyata, mai gyaran agogo, wanda 'yan layinmu suke kira Baban Tagwaye. Bai taɓa haihuwar tagwaye ba. Kyamarorinsa biyu ake nufi, kuma ba don yabo aka raɗa masa sunan ba.

A littattafan soyayyar da nake karantawa, in mutumin kirki ya mutu sai hadari ya haɗu a yi ruwa. Ranar da ka tafi, Kawu, rana ce tarwai, mai shagon kusa da naka ko rediyonsa bai rage ba.

Kowa ya san ba ni da baki cikin mutane. Shi ya sa na rubuta.

Kai ka ɗauko ni bayan rasuwar Mama. Na yi makonni ba na magana, ba ka matsa mini ba. Sai ka ajiye mini kujera a bayan shagon, inda kake ɗaure kyamarorin nan biyu, iri ɗaya, a kan guntun katako. Ka ce tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar idanun mutum. Da manyan yatsunka biyu kake danna su lokaci guda. In ɗaya ta makara, sai wutsiyar kyanwa ta fito wuri biyu, ka yi tsaki, ka goge, ka sake. Kowace da memorinta, ɗan katin da ke ajiye hotuna: na hagu a gwangwani ɗaya, na dama a wani. In hoto ya yi maka, ka wanke biyun, ka manna su gefe da gefe a kwali guda, a saka a akwatin leƙen da ka haɗa da gilasan tsohon tabarau.

Wata rana ka ce, "'Yar Kawu, zo ki leƙa. Kada ki kanne ido, saki su duka biyun."

Da farko hotuna biyu na gani suna iyo. Can sai suka haɗe. Ga Mama a tsakar gida tana shanya, tana dariya, ta miƙo hannu za ta kare kyamara. Hannun ya fito daga cikin kwalin. Akwai iska tsakaninta da bango. Na kai hannuna, na bugi katakon akwatin. Ba ka yi dariya ba. Ka juya ka ci gaba da kwance agogon wani har na gama kukana. Ka ce hoton nawa ne, amma in bar shi cikin sauran kada ya lanƙwashe. Tun daga nan, duk ranar da na dawo makaranta sai na gaida Mama kafin in cire takalmi.

'Ya'yanka biyu ba su taɓa yarda sun leƙa ba. Yaya Babba yakan ce, "Baba, waya ma tana ɗaukar hoto, kai kana yawo da katako kamar mai tallan tsintsiya." Yaya Ƙarami kuma in abokansa sun zo sai ya ɗora kofuna biyu a idanunsa yana kwaikwayon tafiyarka. Kana ji. Sai dai ka goge gilashi da gefen rigarka.

Amma ka ga kukan da suka yi, Kawu! Yaya Ƙarami sai da aka riƙe shi.

Tun ba a naɗe tabarmin masu gaisuwa ba suka buɗe shagon. Suka ce za su yi adalci, kada wani ya ce an cuce shi. Kyamara biyu, 'ya'ya biyu. Suka kwance su daga katakon, Yaya Babba ya ɗauki ta hagu da gwangwaninta, Yaya Ƙarami ta dama. Kafin yamma Yaya Ƙarami ya goge memorin dama kaf, ya ce hotuna ne iri ɗaya da na wajen yayansa, ya kai wa mai tura finafinai. Katakon, da shi aka tokare ƙofar banɗaki.

Sai matar Yaya Babba ta fito da kwalayen hotunan, ta zauna tsakiyar mata da almakashi.

"Kun ga ɓarna? Kowane hoto biyu-biyu! Bari in raba, kowa ya tafi da abin tunawa."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "Anti, ba iri ɗaya ba ne." Ban san ko muryata ta fita ba, sai da na maimaita.

Ta ɗaga ɗaya sama. "Jama'a, ku duba mini. Ina bambancin? Ke dai littattafan nan sun gama da kanki. Je ki nemo ɗan sarkin da zai zo ya ɗauke ki."

Aka kwashe da dariya, a gidan makoki. Na shige ɗaki, ina jin ƙarar almakashin har can. Da na dawo, ta miƙo mini rabin Mama, ta ce, "Ungo, marainiya, ban manta da ke ba." Na tambayi ɗaya rabin. Ta ce ya bi wata cikin masu gaisuwa, ba ta riƙe wace ce ba, kuma haɗama ba kyau ga 'ya mace.

Akwatin leƙen ba wanda ya so shi, yana wurina. Na saka rabin. Mama ta koma takarda, Kawu. Hannunta ya daina fitowa.

Don haka ina roƙon duk wadda ta zo mana gaisuwa ta duba jakarta. Hoton mace ce tana shanya, hannunta a miƙe, gefensa na hagu da sawun almakashi. A nawa, zanen da ke kan igiya ya rufe kunnenta. A naki ana ganin ɗan kunnen. Ba sai kin yi mini magana ba, ki tura shi ta ƙarƙashin ƙofar shagon. Shi kaɗai ya rage a duniya.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya haskaka shi, ya saka maka da abin da ka yi wa marainiya. Ya haɗa ka da ƙanwarka a Aljanna, inda ba mai raba ku.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Babba da Yaya Ƙarami da Anti. Allah ya ba kowannensu haƙuri daidai da rashin da ya ji.