Inna da Shukar Amana

Fitowata daga ɗaki ke nan na tarar da Inna, mahaifiyata, zaune kusa da tukunyar shuka tana fifita da wani koren ganye. Daga jikin shukar ta yanko shi.

Shukar ba tawa ba ce. Maƙwabciyata a nan Gyaɗi-Gyaɗi, Maman Ngozi, ce ta bar min amanarta da za ta je garinsu. 'Yar bishiyar ado ce dangin giginya, ganyenta faffaɗa zagayayye, da kalmasa jere kamar an goge shi. Ta ce inuwa take so da ruwa a kai a kai, kuma tana daɗewa kafin ta fitar da sabon ganye.

Na ce, "Inna, amana ce fa!"

Ta ce, "Ke 'yar nan, Allah ya saƙa mafici da kansa, ku zauna kuna kallonsa cikin wannan zafi? Har ƙayar sandar na kankare."

Da Maman Ngozi ta dawo, na kai mata ganyen ina ta ba da haƙuri. Ta leƙa shukar ta fashe da dariya.

"Hajiya, tsohon na ƙasa Mama ta yanka, dama cire shi zan yi. Ki mayar mata. Amma ki ce sauran nawa ne!"

Alhamdulillah, sai a lokacin hankalina ya kwanta. Yanzu kullum Inna sai ta leƙa ko wani ganyen ya tsufa.

Jama'a, me tsofaffinku suka taɓa yi wa kayan ado?