Jan Ruwa a Farcen Kakata

Warin sifirit ɗin da muke jiƙa ƙwari a ciki a wurin aikina ba ya damun kowa sai ni. Da na buɗe kwalba, sai in tuna kakata, kuma ba da daɗin rai ba.

Ina 'yar shekara tara aka yi wata shekara a ƙauyenmu, can gefen Dangora, da dawa ta yaudari kowa. Damina ta yi kyau, kara ya yi tsawo, zangarniya ta fito sambal, amma in ka murza ta sai ƙaiƙayi. Kakata irin matan nan ce da ba sa barin abu sai sun ga ƙwal uwar daka. Kullum da hantsi, lokacin da dawa ke bununi, sai ta ja ni gona, tamu da ta maƙwabta, ta kafa wa zangarniya ido. Ita ta fara nuna mini ɗan ƙudan, ja-ja, bai kai sauro ba. Ta ce kada in haɗa shi da na shinkafar bakin dam ɗin Tiga mai mayar da ganye kamar na albasa, wancan ya fi girma da dogayen ƙafafu. Sannan ta matse ƙwayar dawa tsakanin farcenta, wani jan ruwa ya fito.

"Kin gani? Ɗansa ne a ciki, shi ke shanye ta."

Mutane ba su ga ƙuda ba. Tsohuwa suka gani a gonakinsu da ja a yatsu, ga kuma rumbuna wayam. Kafin kaka ta ƙare magana ta zaga gari cewa mayya ce, jinin dawa take sha. A zauren mai unguwa aka kira ni, aka zaunar da ni gaban dattawa.

"'Yar nan, faɗi tsakaninki da Allah, kin ga jini a hannunta?"

Na ce na gani. Ba a tambaye ni ƙuda ba, ni kuma tsoro ya hana ni ƙarawa. Daga ranar babu matar da ta sake zuwa wurinta kitso ko karɓar tuwonta. Jikokinta ma aka janye mu. Shekara uku ta yi a ɗakinta kamar baƙuwa, ta rasu ba wanda ya nemi gafararta.

Yau da wannan ƙudan nake cin abinci. Ina sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, in ƙirga gaɓoɓin ƙahonsa, in bi jijiyoyin fiffikensa, in duba tsinin da macen ke zuba ƙwai da shi, in ce wannan na dangi kaza ne, wannan kuwa sabo ne ba a taɓa rubuta shi ba. Sai a laƙaba masa dogon suna na wani masani da bai taɓa taka gonar dawa ba. Abin na ci mini rai.

Bara aka tura ni garinmu in yi wa manoma bayani. Waɗansu daga cikin dattawan zauren nan suna raye, suna zaune a sahun gaba. Suka kalli hoton ƙudan, suka yi ta gyaɗa kai, ɗaya ya ce, "Kai, boko ya yi, hajiya. Da wa zai san wannan?" Na jira ko wani zai ambaci kakata, har aka shafa addu'a babu wanda ya yi. Na naɗe takarduna na shiga mota, ni ma ban ambace ta ba.